Hutun Disamba a Malesiya: yadda Yaya ta biya kuɗin tsibirin da ke rufe

Ƙarshen watan Oktoban 2024 ne Yaya ta kira ni da daddare, daga jin muryarta kasan akwai labari, tace Auta albishirinka, nace goro, tace mun gama magana da Abban yara hutun Disamba Malesiya zamu, har da Hajiya. Shekara huɗu nayi a ƙasar ina karatu, shi yasa duk wanda zai leƙa can a dangi sai ya taɓo ni, amma wannan karon sanarwa kawai aka yi min, don an riga an tura wa ejan kafin alƙalami tun sati biyu da suka wuce.

Su shida ne. Ita, mijinta, yara uku (babbar shekara 13, ƙaramin 5), sai Hajiyarmu da gwiwa ke damu, wadda ko matakalar bene sai ta huta sau biyu. Kwana goma. Ta turo min takardar tsarin a WhatsApp, kwana uku a Kuala Lumpur (KL), daga nan jirgi zuwa Kota Bharu da ke gabas, mota zuwa Kuala Besut inda ake hawa jirgin ruwa, kwana biyar ana shiga tsibirin Perhentian, a dawo KL kwana biyu ayi siyayya a taho gida. Hotunan da ke jikin takardar kam ba a magana, ruwa garau kana hango ƙasansa, yashi fari tas, ga kunkurun ruwa. Kuma ba hoton ƙarya bane, nasan wurin, na je da abokai wani watan Yuli, haka yake ko ma ya fi. Ina ganin kwanan watan, 20 ga Disamba, sai da na tashi zaune.

Nace Yaya waye ya tsara muku wannan? Tace wani ejan ne a nan gari, shi yake yi wa Abban yara bizar Umara, mutumin kirki ne wallahi, kuma kaga arahar da ya samo mana. Toh arahar ita ce ta fara tona asirin abun.

Yadda ruwan ƙasar yake

Sai na ɗan tsaya a nan don duk rigimar da muka yi ta sati guda a kan kalma ɗaya ce, damina. Mu idan aka ce damina hankalinmu yana tafiya Yuni zuwa Satumba, hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso a kwashe shanya, a sheƙa ruwa awa ɗaya ko biyu, gari yayi sanyi kowa ya fito harkarsa. Disamba kuwa a kanmu hunturu ne, ko a mafarki ba a ruwa. To babban yankin Malesiya, wanda KL take ciki, dogo ne kamar harshe ya shiga cikin teku, gaɓa biyu gare shi, ta gabas da ta yamma, a tsakiya kuma akwai jerin duwatsun Titiwangsa da suka raba su kamar katanga. Daga Nuwamba zuwa Maris iska tana busowa daga arewa maso gabas, ta taso da sanyi daga can wajen Saiberiya da Chaina, ta ratso tekun kudancin Chaina ta kwaso danshi ta zo ta juye shi a gaɓar gabas, wato jihohin Kelantan, Terengganu, Pahang da gabashin Johor. Abun da ya fi burge ni tun ina can shine, lokaci ɗaya ne da hunturunmu kuma daga kusurwa ɗaya iskar take zuwa, tamu Sahara take ratsowa sai ta kawo mana ƙura da fason ƙafa, tasu teku take ratsowa sai ta kawo musu ruwa.

Kuma ruwan gaɓar gabas a wannan lokacin ba irin namu bane mai zuwa ya wuce. Sai ayi kwana uku, huɗu, har biyar ana yi ba ƙaƙƙautawa, ya ɗan tsagaita ya dawo. A wata ɗaya tak, Nuwamba ko Disamba, Kuala Terengganu tana iya samun ruwan da ya haura rabin abun da Kano ke samu a shekara guda cur. Teku kuma ta haukace, igiyar ruwa ta yi tsayi, ruwan nan garau na cikin hoto ya koma kamar kunun kanwa. Shi yasa yawancin masaukan da ke tsibiran gaɓar gabas, Perhentian da Redang, suke rufewa daga wajen Nuwamba sai Fabrairu ko Maris, ma'aikata su tafi gida, jiragen ruwan da ke jigila su ragu sosai ko su tsaya gaba ɗaya in teku ta ƙi. Tsibirin Tioman ma da ke can kudu haka abun yake taɓa shi.

Gaɓar yamma kuwa duwatsun nan sun tare mata yawancin ruwan. Langkawi, tsibirin da ke arewa kusa da iyakar Tailan, nata ruwan mai yawa a Satumba da Oktoba yake sauka, Disamba zuwa Maris ne lokacinta na rana. Ƙasa ɗaya, tafiyar awa ɗaya a jirgin sama, wani yana tsamo katifa daga ruwa wani yana shan rana a bakin teku.

Abun da ejan yayi

Da na karanta takardar da kyau sai na gane dabarar, ko ince rashin sanin. Ba a cikin tsibirin ya kama musu masauki ba, a bakin gaɓa ne kusa da tashar jiragen ruwa, sai aka rubuta da ƙananan baƙi wai zuwa tsibiri ya danganta da yanayi. Na karɓi lambarsa na kira shi, kuma gaskiya ban same shi macuci ba. Bai taɓa zuwa Malesiya ba, wani ne a can yake tura masa tsari shi kuma ya ɗora nasa ya sayar, da yaga farashin otal ya faɗi warwas a Disamba sai ya ɗauka garaɓasar ƙarshen shekara ce. Nace masa Alhaji ai otal ɗin bakin teku baya karya kuɗi haka kawai ana tsakiyar hutun Kirsimeti, duk inda kaga haka to ruwa ne ya kore masu zuwa. Yayi shiru sannan yace bari ya tambayi mutumin nasa. Bayan kwana biyu ya dawo min da amsa wai mutumin yace ana samun ranakun da ake shiga. Eh ana samu mana, amma wa zai ɗauki tsohuwa mai ciwon gwiwa da yaro ɗan shekara 5 ya saka su a ƙaramin kwalekwale mai inji, tafiyar sama da rabin awa a teku mai tambal-tambal, don aje a tarar da shaguna a kulle?

Wanda ya fi bani wahala mijin Yaya ne. Dama akwai wasa tsakaninmu, sai ya mayar da abun raha, Malam Auta ɗan boko, ruwa ai rahama ne, mu da muke gudun ƙura ma ai gaba ta kai mu, in an yi ruwa mu shiga ɗaki in an ɗauke mu fito. Kuma in ka duba ta inda ya taso maganarsa daidai ce, ruwan da ya sani kenan tun yana yaro. Na tura masa bayanin ambaliyar Disamban 2014 da ta raba mutum sama da 200,000 da gidajensu, Kelantan ta fi kowa shan wahala, yace wannan ai shekara goma kenan. Na ƙyale shi. Ba ni na shawo kansa ba a ƙarshe, labarai ne, don a ƙarshen Nuwamban nan ruwa ya sake ɓarkewa a Kelantan da Terengganu har da kudancin Tailan, aka kwashe mutum sama da 100,000 zuwa sansanoni, ga bidiyon garuruwan Pasir Mas da Tumpat na Kelantan ruwa har rufin kwano yana yawo a waya. Shi da kansa ya kira ni, ko sallama bai gama ba yace to yanzu ya za ayi.

Hanyoyin da muka auna

Na farko a bar tsarin yadda yake ayi tawakkali, wannan kam ya mutu da kansa. Na biyu a ɗaga tafiyar zuwa dogon hutun Yuli da Agusta, lokacin da Perhentian take kan ganiyarta, kuma da a ce tun Satumba aka tambaye ni wannan zan ce. Amma an riga an yanki tikitin babban jirgi, babu jirgi kai tsaye daga Najeriya sai an sauya a hanya kuma canza rana ga mutum shida ba ƙaramin kuɗi bane, ga maganar biza an yi nisa, ga shi ya ɗauki hutu a wajen aiki. Sai na uku, a bar ranakun yadda suke a juya akalar daga gabas zuwa yamma, wato Langkawi. Ita muka ɗauka.

Ba kyauta aka juya ba fa. Tikitin cikin gida na KL zuwa Kota Bharu irin mai arahar nan ne da ba a mayar da kuɗi, na mutum shida ya tafi kenan. Otal ɗin bakin gaɓar ya mayar da wani abu ya riƙe wani abu. Sannan Langkawi a ƙarshen Disamba kowa can yake nufa, Turawa masu gudun sanyi, Larabawa, 'yan ƙasar kansu, farashin ɗaki ya kusa ninka wanda aka biya a gabas, dole muka rage kwana biyar ya koma huɗu muka ƙara wa KL ɗaya. Na dage a kan abu guda, duk ɗakin da za a kama yanzu a kama wanda ake iya fasawa a karɓi kuɗi ko da ya ɗan fi tsada, Yaya tana ta mita wai asara ce, nace Yaya asarar da aka yi a baya ai daga nan ta fito.

Akwai wurin da na cire da hannuna, Genting, can saman dutse inda ake kai yara wasa. Mutane suna zuwa lafiya lau kullum, amma ni tun zaftarewar ƙasar Batang Kali ta 16 ga Disamban 2022, wadda ta binne masu kwana a sansanin shaƙatawa mutum 31 suka rasu, a kan hanyar da ke wajen can, raina baya son hanyar dutse a watan ruwa. Wannan tsorona ne ni kaɗai, na faɗa musu haka, yara suka yi fushi da ni na kwana biyu.

KL ita ma ba bushewa take ba

Nan ne mutane suke sake yin kuskure, su ɗauka tunda an bar gabas an rabu da ruwa. KL tana samun ruwan da ya ninka na Kano fiye da sau biyu a shekara, kuma babu watan da ba a yi. Har wani dogon rami suka haƙa a ƙarƙashin birnin, SMART, kusan kilomita 10, aka buɗe shi a 2007, motoci suna bi ta wani sashensa amma in ruwa yayi yawa sai a rufe shi a mayar da shi magudana. Duk da haka a Disamban 2021 ruwan kwana biyu zuwa uku ya nutsar da unguwanni a Shah Alam da Klang, nan kusa da birnin. Sai dai a yawancin ranaku ruwan KL yana da ɗabi'a, safiya garau, daga wajen ƙarfe uku zuwa shida hadari ya haɗu a yi tsawa kamar sama zata tsage, a zuba, a ɗauke.

A kan wannan ɗabi'ar na gina musu jadawali. Agogon can yana gaban namu da awa bakwai, rana bata fitowa sai bayan bakwai na safe, azahar bayan ƙarfe ɗaya, magariba bayan bakwai na yamma. Nace duk abun da yake a fili ayi shi daga takwas zuwa azahar, wato Masjid Putra na Putrajaya, birnin gwamnati da ke kusa da KL, lambun tsuntsaye, ɗaukar hoto a gindin tagwayen benen Petronas. Daga azahar a shige inuwa, gidan tarihin fasahar Musulunci da ke kusa da Masjid Negara, gidan kifaye na Aquaria, gidan kimiyya na Petrosains don yara, manyan kantuna, kuma ko'ina akwai surau, wato ɗan masallacin da suke warewa, har da wajen alwalar mata, ba sai an koma masauki ba. Masaukin ma na zaɓa musu kusa da gadar ƙafar nan mai rufi da ta haɗa unguwar Bukit Bintang da KLCC, inda tagwayen benen suke, don ko ana ruwa su iya fita cin abinci. Na kuma gargaɗe su da Grab, manhajar kiran tasi ta can, da an fara yayyafi kuɗin mota yake tashi kuma hanya ta cushe, gara ka zauna inda kake ka sha shayi minti arba'in.

Na sa mijin Yaya ya riƙa duba sanarwar hukumar yanayinsu, MetMalaysia, tana da matakai uku na gargaɗin ruwa mai ɗorewa, Waspada, Buruk, Bahaya, na ƙarshen shine ja, mafi haɗari. Manhajar yanayi ta cikin waya kuwa nace ya manta da ita, kullum hoton hadari da walƙiya zata nuna maka a KL ko da ruwan na rabin awa ne, in ka biye mata ba zaka fita ba.

Maganar kaya sai da muka yi da Yaya sosai. Ta shirya akwati da shadda da leshi da atamfa mai kauri, nace Yaya a can wanki baya bushewa a ɗaki, danshi ne a iskar, ki shanya yau gobe ki same shi da wari. A ɗauki marasa nauyi, hijabin da bai ja ƙasa ba, takalmin roba mai kama ƙasa musamman na Hajiya don tayil ɗin bakin shagunansu in ya jiƙe santsi ne da shi kamar an zuba kuɓewa, takalmin fata kuma a bar shi a gida. Lema da rigar leda a saya a can, kowane ƙaramin shago akwai. Sai rigar sanyi ɗaya ga kowane yaro, ta yi dariya wai a ƙasar zafi, nace ki jiƙe a waje ki shiga kanti mai AC ki gani.

Sai sauro. Katin rigakafin shawara dole ne ga mai zuwa daga Najeriya, wannan ejan ya sani ya faɗa musu. Wanda bai faɗa ba shine zazzaɓin dengi, sauronsa da rana yake cizo, safe da yamma, gidan sauron dare baya hana shi, kuma a ɗan ruwan da ya kwanta yake haihuwa. Na ce a shafa wa yara maganin sauro kafin a fita. Na kuma ja kunnen Yaya, in wani yayi zazzaɓi a can ko cikin sati biyu da dawowa kar a ce maleriya ce a aika kemis, a je asibiti a faɗa wa likita daga inda aka dawo, kuma kafin nan farasitamol kawai, banda asfirin banda ibuprofen don suna iya jawo zubar jini in dengi ce.

Yadda ta kaya

Kwana shida suka yi a KL gaba ɗaya. Huɗu daga ciki ruwan ya zo da yamma yadda na faɗa, har mijin Yaya ya fara kirana malamin duba. Rana ɗaya ba a yi ba sam. Rana ɗaya kuma ya kunyata ni, tun asuba aka tashi da shi, siriri mara tsawa, bai ɗauke ba sai bayan isha'i, kuma ranar ce na saka musu Putrajaya. Laifina ne, na cika jadawalin dam ban bar ranar banza ko ɗaya a KL ba, sai da aka sadaukar da rabin ranar siyayya aka je washegari, Yaya bata yafe min wannan ba har yau.

A Langkawi na gyara, na bar musu rana guda ba komai a cikinta, kuma ta yi amfani don ranar da suka je hawa kebul-ka, ƙaramar motar nan mai rataye a jikin waya da ke kai mutane saman dutsen Mat Cincang sama da mita 700, sun tarar an dakatar saboda iska, dama haka ake yi in iska tayi ƙarfi, suka koma washegari da sassafe suka hau. Sun shiga kwalekwale a dajin ruwa na Kilim, ruwan can a kwance yake tsakanin duwatsu har Hajiya ta shiga, tace ita mikiyoyin nan masu suro abinci a kan ruwa sun fi mata komai. Ruwan sama sau ɗaya suka gani, cikin dare. Abun da ban lissafa ba shine bakin tekun Pantai Cenang da yamma, cike da Turawa da kayan wanka ga shagunan giya tunda tsibirin ba haraji tun 1987, Hajiya ta leƙa sau ɗaya tayi salati ta koma ɗaki, da na tuna da na nema musu gefen da ya fi shiru. Rashin harajin dai ya yi wa Yaya rana, ta jido cakulan da kwanukan tangaran a garin Kuah har sai da aka biya kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi.

Ƙaramin ya dawo da mura da tari, kwana uku da sauka jikinsa yayi zafi, Yaya ta tuna maganata ta kai shi asibiti ta faɗa musu inda suka je, aka ɗebi jini aka duba, ba dengi bace, sanyin AC ne da wankan ruwan sama da ya faki ido yayi.

Kuɗin tikitin Kota Bharu kam har yanzu ana ta magana, ejan yace zai cire musu a aikin Umara na gaba, mijin Yaya yace ya ji. Babbar 'yar kuma ta ajiye hoton kunkurun nan a fuskar wayar mamanta, duk sanda na je gidan sai ta tambaye ni Kawu wane wata kace ana buɗe tsibirin, ince mata daga Maris, amma ki ce wa Abbanki Yuli.